Gangar Monte Claro

Yarelis na tsaka da neman kujerarta a zauren otal ɗin wayarta ta yi ƙara. Babanta ne, kuma tun safe bai bar ta ta huta ba.

"Baba, a sa min albarka."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. An fara?"

"Ko zama ba mu yi ba."

"To ni dai na ɗame ganga, ta sha rana. Suna kiran sunanki ki bugo min, in tayar da unguwa tsaye."

Ta ce to, ta kashe.

Duk wanda ya san ƙwallon raga a tsaunukan Puerto Rico ya san baban nata, Don Wilfredo. Tun kafin a haifi Yarelis yake kaɗa wa ƙungiyar matan garinsu Monte Claro ganga, a tsaye, daga busar farko har ta ƙarshe. Gangar rawaya, rigarsa rawaya, hatta ƙofar gidansa rawaya ce. Las Lomas kuwa, garin da ke bayan dutse, masu koren riga, ko burodinsu ba ya ci. In zai je San Juan gwamma ya zagaya ta doguwar hanya da ya ratsa ta cikinsu. Burinsa ɗaya a duniya, kuma ya faɗa har mutane sun gaji da ji: ya kaɗa wa 'yarsa ganga tana sanye da rawaya.

Yau ce ranar. 'Yan matan da suka gama jami'a sun cika zauren, kowacce ta ci ado, ƙungiyoyin ƙwararru za su zaɓa bi da bi. Amma kafin a buɗe zaɓen, kowace ƙungiya tana da ikon riƙe yarinya ɗaya da ta taso a hannunta. 'Yar gida ake ce mata. Bana Monte Claro 'yan gida biyu gare ta, Yarelis da Nashaly, 'yar ƙanwar babanta. Tare suka taso, tare suka yi jami'a a Mayagüez, Nashaly na ɗaga ƙwallo, Yarelis na sauke ta a kan mutane.

Yarelis ta tsokane ta. "Ke Gajera, wannan takalmin fa? Ko so kike a ɗauka kin kai raga?"

"Bar ni, Doguwa."

Nashaly ba ta rama ba, ita da bakinta ba ya mutuwa. Sai murza yatsu take yi tana kallon ƙasa. Nan gaban Yarelis ya faɗi.

"Kin san wani abu ne?"

"Jiya kocin Monte Claro ya kira ni." Nashaly ta ɗago kai. "Ya ce masu bugu sun yi masa yawa, mai ɗagawa ce ba shi da ita. Wallahi na roƙe shi. Na ce Kawu fa? Ya ce ganga ba ta cin wasa."

"Kuma muka taho mota ɗaya tun daga gida, kina ba ni labarin gyaran gashi?"

"Ta ina zan fara?"

Mai sanarwa ya buga makirufo. Da aka zo kan Monte Claro ya kira sunan Nashaly, aka yi tafi. Yarelis ma ta tafa, har tafin hannunta ya yi zafi, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwan ba.

Sai aka buɗe zaɓe. Ƙa'ida ce, wadda ta zo ƙarshe bara ita ke fara ɗauka. Kuma wa ya zo ƙarshe bara in ba Las Lomas ba? Don Wilfredo har shinkafa ya dafa wa maƙwabta don murnar faɗuwarsu. Ashe faɗuwar kansa ya yi wa biki.

Ko shawara ba su tsaya yi ba. Sunan Yarelis ya cika zauren.

Ta hau dandamali, aka miƙa mata koriyar riga, masu hoto suka ce ta ɗaga, ta yi murmushi. Ta yi. Zaɓin farko a tsibirin gaba ɗaya, abin da kowace yarinya a zauren ke mafarki, ita kuwa ji take kamar an yi mata rasuwa. In ta ƙi zuwa, sai dai ta zauna a gida tana kallon wasu a talabijin.

Kocin Las Lomas, wata dattijuwa mai furfura, ta kama hannunta. "Ki gaida min tsohon nan. Shekara da shekaru yana fasa mana kunne, yau mun rama."

Wasa take yi. Yarelis ta kasa dariya.

Ba ta bugo wa babanta ba, shi ma bai sake kira ba. A hanyar komawa Nashaly na tuƙi tana share hanci, suka ratsa ta tsakiyar Las Lomas don ita ce gajeriyar hanya. A bakin wani shago wasu tsofaffi suka gane ta, suka ɗaga mata hannu suna kiran sunanta.

"Kin ga, har sun fara son ki," in ji Nashaly.

"Ki kalli titi."

Da la'asar suka iso. Kujerun da aka jera a ƙofar gida duk babu kowa. Tukunyar shinkafa da wake na kan tebur a rufe, soyayyiyar ayaba ta huce. Don Wilfredo na zaune a baranda, rediyo a gefensa, ganga a tsakanin gwiwoyinsa.

Nashaly ta durƙusa. "Kawu, ka yafe min."

"Me kika yi? Tashi, je ki gaida uwarki, tun ɗazu take kuka tana dariya. Ki ɗaga musu ƙwallo da kyau, kar ki ba ni kunya."

Da ta tafi, ya dubi jakar da ke hannun Yarelis. "Mu gani."

Ta zaro rigar. Ya karɓa da yatsu biyu, ya juya ta, ya ga sunan gidansu a baya. Ya daɗe yana kallo.

"Yadin ba laifi," ya ce.

"Baba, in ka ce kar in je, ba zan je ba."

"Kul na sake jin wannan. Ni na kai ki filin nan kina rarrafe don ki zauna a gida?"

"To ranar da muka haɗu da Monte Claro fa?"

Ya jawo gangar, ya kama igiyar da ya ɗame da safe, ya fara kwancewa. Yarelis ta riƙe masa hannu, hawaye na zuba, ya zame a hankali ya ci gaba.

"Ba zan kaɗa wa Las Lomas ba, ko za a yanka ni. Kuma hannun nan ba zai kaɗa a doke ki ba."

Fatar ta saki. Ya ɗan taɓa ta da yatsa, ba ta yi ƙara ba. Ya miƙe da ƙyar, ya rataye gangar a ƙusar bayan ƙofa, ya dawo ya zauna, rigar a kan cinyarsa.

"A filin nasu," ya ce, yana kallon dutsen, "ina iyayen 'yan wasa suke zama?"