Baƙon da Ya Goyi Tapo

A kwarinmu babu gidan da bai ci gadon jirgin nan ba. Tukunyar da ake dafa wa aladu abinci a gidan wane daga fiffikensa aka ƙera ta, ludayin gidan wance daga jelarsa. Akwai ma wanda kakansa ya rufe rumbu da ƙofar jirgin, har yau ɓera bai samu hanya ba. Ya faɗo ne a zamanin babban yaƙi, lokacin da Amurkawa ke ɗebo fetur a jiragen sama daga Assam, nan ƙasar Indiya, suna tsallake duwatsunmu zuwa ƙasar Sin. Wasu su kai, wasu gajimare ya haɗiye su. Namu ya daki kafaɗar dutse a saman tsohon ƙauyen Chipuli, ya daɗe yana hayaƙi kafin wani ya yi ƙarfin halin matsawa kusa.

Ajoko Molo ne masanin jirgin a garin Anini. Malamin firamare ne mai ritaya, mai tumbi da tabarau, irinmu ɗin nan da muka san komai in dai daga zaune ne. Zai gaya maka jirgin kaya ne mai inji biyu, C-46, zai gaya maka yadda ƙanƙara ke daskarewa a fiffike har ta rinjayi matuƙi. A shagon shayi Kyaftin ake kiransa, duk da bai taɓa taka ko matakalar jirgi ba.

A shagon shayin nan ne bakinsa ya ja masa. Wasu Amurkawa masu neman gawarwakin sojojinsu suka biyo ta garin, aka nuna musu shi. Da ya ga Bature ya buɗe ido yana saurarensa, daɗi ya kwashe shi.

"Uku sun ƙone tare da jirgin," in ji shi. "Na huɗun kuwa, kakana na wajen uwa ne ya binne shi da hannunsa. Na san wurin."

Bai san wurin ba. Ya dai san mahaifiyarsa ta sani.

Da damina ta ɗauke sai ga su sun dawo da izinin gwamnati, da tantuna, da likitar ƙasusuwa, da wata tsohuwa mai farin gashi da sandar ƙarfe. Sunanta Lorraine Tackett. Na huɗun nan, mai riƙe da rediyon jirgin, shi ne mahaifinta, an haife ta bayan ya tafi yaƙi.

Ajoko ya tarar da mahaifiyarsa Emisi tana tsince shinkafa a bakin murhu. Ta haye tamanin, amma har yanzu ita ke yi masa faɗa in ya bar laima a shago. Ya yi mata bayani da muryar aji. Ta saurara har ya gama, ba ta ɗago ba.

"Shi kaɗai za su ɗauka?"

"To, Nani, da wa za su haɗa?" Nani muke ce wa uwa.

"Kai da ka karance jirgin har ƙusoshinsa, ba ka taɓa tambayata wa ke cikin ramin ba."

Sai ta gaya masa. An tsinci baƙon a ƙasan kwazazzabo, ya mutu amma jikinsa bai ƙone ba. A satin nan kuma zazzaɓi ya ɗauke ƙanenta Tapo, wanda ko tafiya bai gama iyawa ba. Aka kira igu, shi ne mai rera wa mamaci hanya, yana kiran sunan kowane rafi da kowace mararraba har ya kai shi inda kakanni suke. Igun wancan zamani ya duba gawa biyun ya ce an ba shi aikin da ba ya yiwuwa. Baƙo yana da ƙafafu amma ba ya jin yarenmu, ko an rera masa ba zai gane ba. Yaro yana jin yare amma ba shi da ƙafafun wannan tafiya.

"Sai babanmu ya ce a haɗa su," in ji Emisi. "Aka ɗaura masa Tapo a baya da zanen uwarmu. Igu ya rera wa Tapo, Tapo ya riƙa nuna wa baƙo hanya. Ina tsaye aka rufe su."

Ajoko ya gyara tabarau. "Nani, ai yanzu sun isa tuntuni."

"Wa ya dawo ya gaya maka? Mutum da goyo, a hanyar da bai sani ba, mai nuna masa kuma yaro ne da ke barci rabin yini?" Ta zubar da tsakuwar da ta tsince a wuta. "In sun ɗauke shi, za a sauke Tapo a tsakiyar hanya. Ni ce yayarsa. Sai in je in ɗauke shi."

Ta faɗi haka ne kamar mai cewa za ta leƙa kasuwa.

Washegari ta shanya zanen da ta saƙa don ranar binne ta. Ta raba kajinta ga maƙwabta. Ta wanke ƙaramar tukunyarta da wuƙarta ta ajiye a kwando, tunda mu ba ma tura mamaci hanya hannu biyu. Abincinta ta rage shi rabi. Ajoko ya san tsofaffin kwarin nan. Ya ga waɗanda suka yi irin wannan shiri da lafiyarsu garau, kuma babu wanda ya taɓa jin kunyar an shirya ba a tafi ba.

Ya ruga masaukin baƙi, ya zauna gaban Lorraine ya zayyana mata komai, yana fatan ta fashe da kuka ta ce a bar maganar. Ta murza kan sandarta. Sannan ta ce a kai ta wurin Emisi.

Tsofaffin biyu suka zauna fuska da fuska a kan tabarmar gora, Ajoko a tsakiya yana musu tafinta.

"Ka ce mata na gode da suka rufe shi kamar ɗan gida," in ji Lorraine. "Ka ce mata uwata ta mutu tana jira, kuma ta sa an bar masa wuri kusa da ita. Ka ce mata ya goya mata ƙanenta duk shekarun nan. Ni ko sau ɗaya bai ɗauke ni ba."

Ajoko ya so ya rage wa maganar kaifi, amma idon uwarsa na kansa. Ya faɗa yadda aka faɗa.

Emisi ta gyaɗa kai. Ta miƙa hannu ta taɓa gwiwar Lorraine.

"Tana da gaskiya. Aro muka yi, mun daɗe ba mu mayar ba. Ka ce mata ta ɗauki ubanta." Ta juyo gare shi. "Kai kuma rufe bakinka, ƙuda zai shiga. Je ka kira Igu Buliya, ya san wurin."

Haka Kyaftin ya hau dutse karo na farko tun yana saurayi. Matsattsaku suka yi biki a ƙwaurinsa. Igu Buliya, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, yana gaba da 'yar gangarsa a rataye, yana tsayawa jifa-jifa yana jiransa.

"Kyaftin, injinka ɗaya ya mutu ne, ko duka biyun?"

"Baba, bar ni in ji da numfashina."

Chipuli ya zama kufai, gora ta cinye gidajen. Sama kaɗan aka ga abin da ya rage na jirgin, inji ɗaya da ya fi ƙarfin ɗauka, gansakuka ta lulluɓe shi, wata bishiya ta fito ta tsakiyarsa. Rana tana tsaka amma gajimare ya sauko har ƙasa, mutum ba ya ganin wanda ke gabansa sai dai ya ji tarinsa. Babu kukan tsuntsu. Buliya ya tsaya gaban wasu duwatsu da aka jera ya nuna da haɓa.

Amurkawan sun iya aikinsu, wannan kam ba a ƙwace musu ba. Suka ja zare, suka riƙa kankare ƙasa da ɗan cokali da buroshi, suna tankaɗe ta a rariya. Hira suke yi da farko. Da likitar ƙasusuwan ta kai ga abin da ke ciki, hirar ta mutu.

Mutumin yana kwance ta gefe, dogo ne. Ɗan ƙarfen da sojoji ke ratayawa, mai ɗauke da sunansa, na nan a wuyansa. A bayansa kuma ga wani ɗan ƙoƙon kai da bai fi kofin shayi ba, ya jingina da kafaɗarsa. Zanen ya ruɓe tuntuni, amma 'yan ƙasusuwan hannun yaron sun zagayo wuyan mutumin ta gaba, sun haɗu a ƙarƙashin haɓarsa. Hannun mutumin ɗaya kuma ya koma baya, yana tallafe da inda cinyar yaron take.

"Haka ake ajiye hannun gawa a nan?" likitar ta tambaya a hankali.

Ajoko ya mayar wa Buliya tambayar.

"A ƙirji muke ajiyewa," in ji Buliya.

Da aka share wajen ƙafafu, sai ga takalman sojan. Saman fatar na nan da ƙarfinta, har da ramukan igiya. Tafin kuwa ya cinye, duga-dugan sun zaizaye ta gefe ɗaya, kuma a ƙarƙashin babban yatsa kowanne ya huje. Likitar ta ce ƙasa mai tsami takan yi haka. Ta faɗa sau biyu, ba wanda ya yi mata musu.

Suka fara ɗaga mutumin ƙashi bayan ƙashi, suna naɗewa cikin farin ƙyalle. Ajoko yana tsugune a bakin ramin yana kallon yadda bayan da yaron ke jingine da shi yake raguwa. Da aka ɗauke kafaɗar, ɗan ƙoƙon kan ya gangaro kaɗan ya kifa fuska a ƙasa. Ya tuna kwandon uwarsa a bakin ƙofa, da tukunya da wuƙa a ciki.

"Baba," ya ce, muryarsa ba irin ta aji ba. "Dole sai mamaci ne zai ɗauke shi?"

Buliya ya dube shi tun daga tabarau har tumbi.

"Mai rai ba ya shiga da shi hanya. Amma yana iya riƙewa, kamar yadda mace kan miƙa maka ɗanta ta ce riƙe mini in gyara ɗaurin zane."

"To, ni zan riƙe."

"Kai? Kai da ka kusa mutuwa da ɗaukar kanka?"

"Ni ɗin dai. Kawuna ne."

"Kawunka ne kam." Buliya ya kwance gangarsa. "Amma ka ji da kyau. Ba a sauke shi. Ƙasusuwan za mu rufe a filin da ke bayan gidanku, wannan ba wani abu ba ne. Shi kuma yana bayanka."

"Har yaushe?"

"Har ka gaji. Ranar da ka gaji, sai ka wuce da shi."

Ajoko ya so ya yi wata 'yar dariya ta masu ilimi, ta ƙi fitowa. Ya cire rigarsa ta sama ya shimfiɗa a kwando. Likitar da kanta ta tattara masa 'yan ƙasusuwan, ba ta bar ko ɗaya ba. Buliya ya rera abin da zai rera, gajere, yana kiran Tapo da suna yana gaya masa baƙonsa ya koma gida, ga ɗan yayarsa nan. Aka ɗora wa Ajoko kwandon, igiya a goshi.

Ba nauyi ko kaɗan. Abin da ya dame shi a gangarowa shi ne ɗumi. Gajimare yana jiƙa kowa, sanyi na shiga ƙashi, amma tsakiyar bayansa ɗumi ne, daidai faɗin ɗan ƙaramin ciki. Ya ce wa kansa gumi ne. Bai tsaya hutawa ba ko sau ɗaya, Buliya kuma bai sake tsokanarsa ba.

Lorraine ta karɓi akwatin mahaifinta a ƙofar masauki. Ta ɗora tafin hannunta a kai ta daɗe a haka. Bayan kwana kaɗan mota ta tafi da su.

Emisi ta tsaya aka rufe ƙasusuwan Tapo a filin da ke bayan gidansu, Buliya ya gaya mata yarjejeniyar da aka yi a kan dutse. Ba ta yi godiya ba, ba ta yi kuka ba. Ta zagaya ɗanta ta dube shi ta baya, kamar mai duba ɗaurin kaya.

"Miƙe kafaɗarka ta hagu. Zamewa yake yi."

Ya miƙe ta.

Ta naɗe zanenta ta mayar akwati, ta aika a karɓo mata kajinta, har da rigima da wata maƙwabciya da ta riga ta yanka ɗaya. Ta koma cin abincinta daidai.

Ajoko yana nan. Yana zuwa shagon shayi, sai dai ya bar kujerarsa mai majingini ya koma benci, yana zama a ɗan sunkuye. In an tambaye shi ya ce ciwon baya ne, shekaru ne. Ya rage giya, ya fara tattaki da safe, kuma ko ya yi haki ba ya yarda ya furta kalmar gajiya, ko da wasa.

Ran nan ya dawo gida da rana, Emisi ta zubo masa shinkafa da naman alade. Ta zauna gabansa tana murmushi, irin murmushin da bai taɓa samu daga wurinta ba tun da ya yi wayo.

"Ka yi barci kuwa?" ta tambaya a tausashe.

"Na ɗan yi, Nani, sai dai wuyana ne yake..."

"Ci abincinka," ta ce, idonta na bisa kafaɗarsa. "Ba da kai nake ba."