Raɗa a Bencin Baya

Duk malamar da aka turo mini koyon aiki, tambaya ɗaya take yi mini. Wai a ina na koyi dabarar nan ta yin shiru bayan kowace jimla? Wata har rubutawa ta yi a littafinta, ta ja layi biyu a ƙasa. Dabara! Ni da yara ke kira Malama Ba-Birki saboda saurin baki. In na ga dama sai in ce musu tsufa ne, amma wallahi ba tsufa ba ne.

Shekara ashirin da biyu ke nan. Ina riƙe da aji huɗu, yara sittin da uku, a ɗakin da ke kallon famfo, wanda tagarsa ta baya ba ta rufuwa sai an cusa kwali. A shekarar ne mutane suka yi ta kwararowa unguwarmu daga inda zama ya gagare su. Yare biyar ake yi a ajin. Sai na kafa doka: in an shigo ajina, yare ɗaya ne, na allo. Har alfahari nake yi da dokar a ɗakin malamai.

Akwai wata yarinya a bencin baya, ni na sa mata Rediyo, don bakinta ba ya mutuwa. Iyayenta sun daɗe da zuwa, ta iya yarenmu kamar a nan aka haife ta, amma lissafi sai addu'a. Ba ta taɓa wuce bakwai cikin ashirin ba.

Ana tsakiyar zango wata tsohuwa ta kawo jikarta, doguwa, siririya, za ta yi shekara goma sha biyu. Ba takarda, ba kalma ɗaya ta yarenmu a bakinsu. Mai gadi ne ya yi ta fama da hannu da ƙafa har aka fahimci juna. Hedimasta ya yanke: ta zauna aji huɗu, in ta ci jarabawar ƙarshen zango shi ke nan, in ta faɗi a mayar da ita aji ɗaya. Gurbi ɗaya ya rage, kusa da Rediyo, can na tura ta. Kafin a tashi yara sun sa mata Baƙuwa.

Tun daga ranar raɗa ta fara. Ina rufe baki, sai in ji ƙus-ƙus daga bayan aji. In sake magana, ta sake. Na yi tsawa, na sa Rediyo durƙuso, na sa ta share aji mako guda. A banza.

Sai na yi musu gwajin rabawa, tambaya ashirin. Mu yadda muke koyarwa, a zana wa lambar ɗaki, a ɗora amsa a kan rufin. Da na ɗauki littafin Baƙuwa sai na ga wani abu daban: ta ja layi a tsaye ta dama, lambar da ake rabawa da ita tana can gefe, amsa kuma a ƙarƙashinta. Komai a birkice. Amma amsoshin daidai, goma sha tara. Na duba na Rediyo, ita ma goma sha tara. Na ce a raina, to, durƙuson nan ya fara aiki, Rediyo ta yi hankali, waccan kuma ta kwashi amsa ta yi mata ado da shirme. Ko minti ɗaya ban tsaya na bi layin nan na tsaye ba. Na ɗauki jan biro na rubuta "satar amsa" a littafin Baƙuwa tun daga wannan gefe har wancan.

Washegari na raba su. Baƙuwa ta dawo gaba, dab da teburina, Rediyo ta zauna a baya ita kaɗai.

"Malama, don Allah," in ji Rediyo, "ba ta ji ne..."

"Ke! Na tambaye ki? In ta daina jin bakinki za ta ji nawa."

Aji ya yi tsit, na ji daɗi ƙwarai. Mako uku Baƙuwa tana zaune a gabana, hannuwa a kan benci, idonta a kan bakina. Ni a zatona natsuwa ce. Rediyo ta koma cin shida, na gani, na ce halinta ne ya dawo.

Jarabawa ta zo. Baƙuwa ba ta san ma abin da ake tambaya ba a sauran takardun. A ta lissafi ta cika shafi da layinta na tsaye, ni kuma dokata ba hanya, ba maki. Na ba ta sifili. Hedimasta ya sa hannu, aka kai ta aji ɗaya, cikin 'yan shekara shida, gwiwoyinta ba sa ma shiga ƙarƙashin bencin. Kwana biyu ta yi, ba ta sake zuwa ba.

Ranar Alhamis bayan an tashi, ina haɗa littattafai, sai ga tsohuwar a bakin ƙofa, ta riƙo Rediyo a hannu, ɗaya hannun da littafin jikarta. Ba faɗa ta zo yi ba, da ma faɗan ne da ya fi mini sauƙi. Ta yi magana a hankali, ta tsaya. Rediyo ta juya mini.

"Ta ce uban yarinyar malami ne kamarki."

Tsohuwa ta sake magana, ta tsaya.

"Ta ce shi ya koya mata rabawa, haka ake yi a makarantunsu. Ta ce bai fito tare da su ba."

Na ce, "Ki ce da Iya ta shigo ta zauna."

Ina rufe baki Rediyo ta sunkuya kunnen tsohuwar, ƙus-ƙus. Nan na gane raɗar nan ta bayan aji. Muryar ce, tsawon ne, daidai tsawon maganata. Makonni ina horon yarinya don tana ɗaukar darasina tana miƙa wa 'yar'uwarta.

"Rediyo," na ce, "gwajin nan, wa ya kwafi na wani?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Malama. Ni ina ba ta magana, ita tana ba ni lissafi."

Tsohuwar ba ta zauna ba. Ta ajiye littafin a kan teburina, ta faɗi kalma biyu, ta juya. Rediyo ta ce wai in riƙe, ba su da abin yi da shi yanzu.

A wurin na zauna na bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Hanyarta ta fi tawa gajarta. Ɗayar da na ce ta faɗi ma, ni ce na yi kuskure a takardar amsata. Ashirin cif yarinyar ta ci, a ƙarƙashin jan birona.

Safiyar Juma'a na tsaya a ofishin hedimasta na ce, "Ranka ya daɗe, na zalunci yarinya." Ya yarda a dawo da ita. Asabar Rediyo ta raka ni gidan da suke haya, bayan garejin masu walda. Ƙofar ɗakin a buɗe, an share tas, sai igiyar shanya. Maƙwabciyarsu ta ce tun jiya da hantsi suka bi wata motar kaya, ba ta san ina ba. Na yi cigiya har na gaji.

Ranar Litinin na shiga aji, na ce a buɗe shafi na arba'in. Sai na ji raɗar, daga bencin baya, kusa da tagar kwali. Na ɗaga kai. Rediyo na zaune, bakinta a rufe gam, gefenta ba kowa.

Rediyo ta gama makaranta, ta yi aure, har ta kawo mini ɗanta aji huɗu. An canja bencin, an gyara tagar, dokar yare ɗaya ni da kaina na kashe ta. Yanzu duk yaron da ya zo mini baƙo, sai na nemo mai jin yarensa na haɗa su, kuma ba na jan biro a kan aikin da ban bi shi har ƙarshe ba. Na ɗauka hakan zai sa raɗar ta bar ni. Ba ta bar ni ba, har in aji ya watse ina karanta sunaye ni kaɗai.

Jiya ma sabuwar malamar ta sake tambayata, "Malama, daƙiƙa nawa ya kamata mutum ya tsaya?"

Na ce, "'Yar nan, ba ƙirgawa nake yi ba. Jira nake ta gama faɗa mata."