Mafici a Kan Faranti

A shekarar da fari ya ƙone gonakin shinkafa, Shigemasa ya fasa rumbun ubangidansa ya raba wa ƙauyawa. Hukunci ya zo da sassauci irin na samurai, mayaƙan ƙasar Japan: ya farke cikinsa da hannunsa a gaban shaidu. In ya mutu da kyau, gida da suna su zauna wa matarsa Orie da ɗansu. In ya ba da kunya, a kore su.

Abin da ya hana Orie sukuni hannunsa ne. Tun da kibiya ta huda masa kafaɗar dama, ko kofin shayi ba ya kai wa baki bai zubar ba. Don haka ta sami Kanbei, amininsa da zai tsaya bayansa da takobi ya gama masa, ta roƙe shi a ɗora mafici maimakon wuƙa a farantin da za a ajiye gabansa. Al'ada ta yarda da haka: mutum na miƙa hannu ga maficin, sai a sare wuyansa.

Da safe tana sa wa mijinta fararen kaya, ya ce Kanbei ya gaya masa komai.

"Mafici, Orie? Zafi kika ga ina ji? Yara da tsofaffi ake ɗora wa wannan. A riƙa ce wa ɗana ɗan mai fifita?"

"Maigida, in wuƙar ta faɗi fa a gaban mutane?"

Ya miƙa hannun. Dukansu suka tsaya suna kallon yadda yake rawa. Ba ta yi kuka ba. Ta yage bakin ɗamararta, ta naɗe masa daga tsintsiyar hannu zuwa gwiwa, ta ja har yatsun suka yi fari, sannan ta sauke hannun riga ta rufe. Ya yi murmushi, ya ce ashe da tun tuni ta yi haka da bai yi ta ɓarar shayi ba.

Ba a barin mata a farfajiyar da ake zartar da hukuncin. Ta durƙusa bayan ƙofar takarda, ta kasa kunne. Ƙarar faɗuwar wuƙa a kan dutse take jira, tana roƙon kada ta ji. Ta ji an ajiye faranti. Ta ji numfashinsa ya sarƙe, ya daɗe a haka. Sannan takobin Kanbei.

Babban shaida ya yi gyaran murya, ya ce za a sanar da ubangida cewa gidan Shigemasa yana nan. Orie ta tashi ta je ta kira ɗanta.