Kasuwar Ɗakin Lantana

Saboda ramin nan da aka haƙa a ƙofar gidansu, Lantana ta hana 'ya'yanta fita wasa. Rami ne dogo, ya bi lungunsu na Unguwar Rogo daga bakin titi har masallaci, zurfinsa ya isa ya shanye babban mutum a tsaye. An ce magudanar ruwa gwamnatin soja za ta yi wa unguwa. Wanda ya sami kwangilar kuwa ba bare ba ne, Yari ne, ƙanin mijinta Tukur, wanda ba da daɗewa ba yake yawon tallar yadi a ka. Leburorinsa suka haƙa suka watse. Shi kuma ya sayi mota fijo, ya tafi Makka, ya dawo da haƙorin zinariya.

Damina ta sauka, ramin ya cika da koren ruwa. Ranar da ɗan maƙwabcinsu Sodangi ya zame ya faɗa ciki, aka tsamo shi da karyayyar ƙafa, Lantana ta tara 'ya'yanta uku, Lami da Mode da ƙaraminsu Illo, ta ce daga yau makarantar allo kaɗai za ta fid da su, ita ma sai babba ya riƙe hannunsu sun tsallake katakon da aka gitta.

Kwanakin farko gidan ya zama filin dambe. Mode ya fasa mata tulu, Illo ya yi ta kuka a bakin zaure yana jiyo muryoyin yara daga nesa. Tsakar gida ta zama taɓo, Tukur kuma yana ƙauye wajen sayen hatsi. Da ta ga abin zai fi ƙarfinta, sai ta naɗe tabarmar ɗakinta ta bar musu daɓen. Ta tsince ƙwallayen dabino ta koya wa Lami carabke. Ta zaro kara daga danga, ta feƙe ɓawon, ta nuna wa Mode yadda ake soka shi a totuwa a yi mota. Gwangwanin madara, kwalin ashana, marfin kwalba, ƙyallayen da tela ya zubar, duk ta daina jefarwa.

A hankali yaran suka ƙwace aikin daga hannunta. Suka ce kasuwa za su gina. Kwalayen ashana suka zama rumfunan 'yan yadi, marafan kwalba suka zama mudu, aka zuba musu tsakin gero. Lami ta murza yumɓu ta yi shanu da raƙuma, Illo ya zama dillali, ba ya yarda a sayar da ko akuya sai an ba shi la'adarsa. Har ɗan Sodangi aka riƙa ɗauko shi da ɗaurin ƙafarsa, aka naɗa shi sarkin pawa. Lantana na tankaɗe a bakin ƙofa tana jin ana ciniki, wani lokaci dariya ta ƙwace mata har gari ya tashi.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Yari ya zo. Ya bar fijonsa a bakin titi, ya tsallako katako yana tattare babbar riga, ya shigo da kwali a hammata. Ko takalmi bai cire ba ya faɗa ɗakin. Ƙafarsa ta farko ta sauka a kan rumfunan 'yan yadi.

"Subhanallahi! Wace irin shara ce wagga cikin ɗaki?" Ya sa gefen takalmi ya ture shanun Lami zuwa jikin bango. "Ke Lami, ɗauko tsintsiya. Ɗiyan gidanmu na wasa da bola awa marayu? Ku zo ku ga abin wasa na gaske."

Ya buɗe kwalin ya fito da wata jar mota mai batir, ya ajiye ta a tsakiyar kasuwar. Ta yi ƙara, fitilunta na walƙiya, ta bi ta kan mudun gero ta watsar. Mode ya buɗe baki yana kallo. Lami kuwa ta durƙusa tana tsintar ƙafafun raƙuminta, hawaye na ɗiga a kan yumɓun.

Lantana ta ajiye rariya ta miƙe. Duk unguwa Alhaji ake ce masa yanzu, ita ba ta ce ba.

"Yari, hito min daga ɗaki."

"Haba matar yaya, tsaraba ce fa na kawo musu tun daga Jidda."

"Na ce hito. Ka san mi ya sa suke wasa da bolar? Ramin da ka haƙa ka gudu ka bari, shi ya kulle su. Dubi yaron can da ke zaune, dubi ƙahwatai. Ka taɓa zuwa ka gaishe shi? Ni da ɗiyan ga munka zauna munka gina abin da ka tattake yanzu, ba da sisin gwamnati ba, kuma mu mun gama namu aikin."

Fuskar Yari ta sauya. "Ke mi kika sani game da kwangila? Siminti ne ya maƙale a tashar jirgin ruwa, ƙasa duka ta sani."

"Fijon ba ta maƙale ba ai. Haƙorin ma ya iso lahiya."

Matan maƙwabta sun riga sun leƙo ta kan katanga. Wata ta yi guɗa. Yari ya juya ya fita yana cewa zai gamu da yayansa, shi ba ya magana da mata. Ya bar motar tana ta dukan ƙafar gado tana kuka, har Lantana ta rasa inda ake kashe ta, ta kifa mata ƙwarya.

Da Tukur ya dawo daga ƙauye, ƙaninsa ya tare shi tun a tasha. Ya shigo gida rai a ɓace, ya ce wa Lantana ko me Yari ya yi, ba a tozarta mutum a gaban mata, ta shirya ta je ta ba shi haƙuri.

"Malam, in ka ce in tahi, zan tahi," in ji ta. "Amma in na buɗe baki can, abin da na hwaɗa nan shi zan maimaita, gaban matarshi."

Tukur ya dube ta, ya san za ta aikata. Bai sake tayar da maganar ba, amma ya yi kwanaki ba ya cin tuwonta da fara'a.

Yari bai ƙara taka gidan ba har kaka. Ramin ma bai dawo kansa ba. Da ruwa ya ɗauke, mazan lungun suka gaji da jira, suka fito da fartanya da kwanduna suka mayar da ƙasar da hannunsu, Tukur a cikinsu. Suna cikin aikin wani ma'aikaci ya zo a kan babur ya ce wa ya ba su izinin taɓa aikin gwamnati. Sodangi ya miƙa masa shebur ya ce to bismilla, ya ƙarasa. Mutumin ya tayar da babur ɗinsa ya tafi.