Sunan da Ke Gidan Uwa

Inna Indo ta kai Aliya makarantar hutu ne don kunnenta ya huta. Haka ta riƙa gaya wa maƙwabta a unguwar Birni, wai yarinya mai shekara takwas da ba ta da aiki sai tambaya, gara a miƙa ta ga waɗanda amsa tambaya ce sana'arsu. Lakwal ɗin unguwa, wato makarantar boko, ta buɗe aji biyu cikin damina, daga safe zuwa azahar, na mako uku. Yara suka koyi waƙa, suka dasa dogon yaro a bakin katanga, suka ƙera shanu da laka waɗanda ruwan sama ya narkar tun ba su bushe ba. Aliya ba ta taɓa jin daɗin lakwal irin wannan karon ba.

A mako na uku Madam Bintu, malamar ajinsu, ta raba musu takarda mai hoton bishiya, da ƙananan gidaje a jikin rassanta. Ta ce kowa ya rubuta danginsa a ciki, ranar Asabar za a manna a bango iyaye su zo su gani. Tun daga nan kan Aliya ya fara ɗaurewa. An sa yaro a gindi, iyaye a tsakiya, kakanni can ƙololuwa. Ta ɗaga hannu ta tambaya yadda za a yi tsoho mai ciwon gwiwa ya hau reshen sama ya bar yaro a ƙasa. Madam ta ce haka aka bugo takardar, ta yi aikinta.

Ta yi aikinta kuwa. A gidan uwa ta rubuta Indo da manyan baƙaƙe, har tana lasar baki. Madam ta zo wucewa, ta tsaya, ta koma tebur ta duba rajistar da aka kwafo daga takardun haihuwa, ta dawo.

"Aliya, Indo kakarki ce. Sunan mamanki Sa'a."

Aliya ta gyara mata cikin ladabi, don ta san manya ma suna kuskure. Ta ce Sa'a yayarta ce, 'yar Inna ta farko, tana aure a Mirriya. Madam ta dube ta, sannan ta ce ta je da takardar gida ta tambaya.

Ita fa Aliya, in da wanda ta tabbata ba ya sonta a duniya, to Yaya Sa'a ce. Takan zo daga Mirriya da tsaraba, ta ajiye a gaban Inna, ta gaisa da kowa har akuyar gidan, amma ba ta taɓa kallon Aliya ido da ido ba. In za ta aike ta sai ta ce "ke", in tana maganarta sai ta ce "yarinyar nan". Ƙananan 'ya'yanta kuwa tana kiran sunayensu kamar tana waƙa. Abin ya daɗe yana yi wa Aliya zafi, sai dai ba ta gaya wa kowa ba.

Da Aliya ta koma gida, ta tarar da Inna tana tankaɗe. Da ta ji maganar Madam, tsohuwar ta yi dariya har ta sarƙe, amma dariyar ba ta daɗe ba.

"Wa ya goya ki?"

"Ke, Inna."

"Wa ke yi miki kitso? Wa ke jinyarki in kina zazzaɓi?"

"Ke."

"To."

"To wa ya haife ni?"

Inna ta ce randa ba ruwa, ta je ta ɗebo. Randa kuwa cike take har baki.

Washegari Madam ta ja Aliya gefe lokacin da sauran yara ke wasan igiya, ta yi mata bayani a hankali. Ta ce mata ita Aliya 'yar fari ce, kuma uwa tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ce ke ɗaukarsa da zarar an yaye shi. Aliya ta gyaɗa kai don kada Madam ta gaji, amma bayanin ya ƙara rikita ta. Kunyar da ta sani ita ce wadda mutum ke ji in an yi abin da bai kamata ba. Ta yi ta lissafin abin da ta yi wa Yaya Sa'a tun tana jinjira, ba ta tuna komai ba.

Kwana biyu tana fama da gida ɗaya tal. In ta rubuta Sa'a sai ta ga fuskar Inna, ta goge. In ta rubuta Indo sai ta tuna rajistar Madam, ta goge. Ta roƙi a ƙara mata gida, aka ce reshen ba wuri. Takardar ta kusa hujewa. Ranar Juma'a Madam ta tsaya a kanta, ta miƙa mata bik, biron da ba ya goguwa, maimakon fensir, ta ce a lakwal abin da ke rajista shi ake rubutawa. Aliya ta rubuta Sa'a, ta ɗora Indo a reshen sama, ta ji kamar ta kori tsohuwar daga ɗakinta.

Ranar Asabar aji ya cika da iyaye da ƙamshin turare. Inna ta zo cikin zanenta na zuwa biki, ga kuma Yaya Sa'a a bayanta da goyo, ta biyo motar safe daga Mirriya. Aliya ta so ƙasa ta tsage. Inna ba ta karatun boko, amma Yaya Sa'a ta yi lakwal har aji shida.

Suka tsaya gaban bishiyar. Inna ta yaba kalar ganyen, ta dangwala yatsa a wurin da ya sha guga, ta tambaya wane gida ne wannan da ya wahala haka. Aliya ta ce gidan uwa ne.

"Karanta mini in ji."

Aliya ta dubi baƙaƙen. Huɗu ne kacal, da shuɗin bik, ko makaho ya kusa ya gan su. Ta ji Yaya Sa'a tana numfashi a saman kanta.

"Indo," ta ce.

Fuskar Inna ta washe. Ta juya ta gaya wa matar da ke kusa, wadda ba ta tambaye ta ba, sannan ta zunguri Sa'a.

"Ke da kika yi lakwal, duba mini. Haka aka rubuta?"

Yaya Sa'a ta daɗe tana kallon takardar, fiye da yadda ake buƙata don karanta suna ɗaya. Aliya ta sunkuyar da kai tana jiran a tona ta.

"Haka ne, Inna. Yarinyar nan ta iya karatu."

Ta juya baya tana gyara majanyin goyonta, ta kwance, ta ɗaure, ta sake kwancewa. Inna ta yi gaba wajen shanun laka da aka sake ƙerawa. Aliya ta tsaya a bayan matar, tana so ta taɓa ta, ta yi mata magana ko da kalma ɗaya ce, amma ta rasa sunan da za ta kira ta da shi.