Katin da Ke Cikin Laya

Tun daga unguwarmu Kirkissoye nake tambayar Baba ko katin likita yana tare da shi. Sau uku yana dafa ƙirji yana cewa yana nan. Ni kuma, da wautata, ban ce ya nuna mini ba.

Baba, Malam Mu'azu, yana da na'ura a ƙirji mai daidaita bugun zuciya. Batirinta ya kusa ƙarewa, kuma wata biyar muka yi muna jiran ranar da likitan Tunis zai canza shi. Idan jirgin nan ya tashi ba mu, sai a sake sa mu a layi.

A filin jirgi, wurin bincike, na yi wa wani ɗan sanda bayani cewa a laluba Baba da hannu, kada a goga masa sandar nan mai gano ƙarfe a ƙirji. Ya ce ba matsala, amma sai ya ga kati. Baba ya zura hannu cikin riga ya jawo wata laya baƙa, ta sha zufa.

Ashe da likita ya ce kada katin ya rabu da jikin Baba, shi ne aka kai wa baduku a unguwar Zongo ya ɗinke shi cikin fata, ɗinki biyu.

Raina ya ɓaci. Ɗan sandan ya ce shi ba ya karanta fata. Baba ya ce ba mai taɓa masa laya. Mutanen bayanmu suna ta tsaki, lasifika kuma ta kira jirginmu karo na biyu.

"Baba, don Allah wane marar tunani ne ya yi wannan aikin?" na ce, da ƙarfi, a gaban kowa.

Ya cire layar ya miƙa.

Wata 'yar sanda ta ɗauko almakashi daga kwandon kayan da aka ƙwace wa matafiya, ta farke ɗinkin. Katin ya fito a ninke huɗu, allura ta huda gefensa, amma sunan Baba da lambar na'urar suna nan. Aka laluba shi, muka wuce da sauri.

Sai da muka zauna a jirgi na ga har yanzu fatar tana hannunsa, yana ta haɗa bakinta.

"Zalika," ya ce, "uwarki ce ta kai. Da ƙafa ta je Zongo, sati biyu kafin ta kwanta ciwo."

Inna ta rasu bara. Kunya ta hana ni ɗago kai. Baba ya mayar da fatar a wuyansa, ba komai a cikinta, ya miƙo mini katin ya ce in sa a jaka.