Danjar Layin Mama

A ofishin kula da danjojin gari Injiniya ake ce masa, a gida kuwa Auta. Wata shida ya yi yana neman yadda za a rage gosulo a babban titi. Daga ƙarshe ya ƙara wa titin sakan arba'in na koriyar fitila, ya zaftare su daga ƙananan layukan da ke shigowa cikinsa. Tafiyar awa guda ta koma ta rabin awa, na'urar auna hayaƙi ma ta nuna ya ragu. Oga ya yaba masa a gaban kowa.

Gidan mahaifiyarsa yana kan ɗaya daga cikin layukan nan. Ranar Asabar da ya je gaishe ta, ya tarar motoci sun yi layi har ƙofar gida, kowace salansa na feso hayaƙi. Ta rufe tagogi, ta cusa tsumma a ƙasansu, tana zaune tana tari.

"Auta, kai da kake aiki can, nemo mini wanda ya taɓa danjar nan," in ji ta. "Farin zane na shanya, na kwashe shi kamar na goge tukunya da shi."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Mama."

Ranar Litinin ya sami Oga. "Ranka ya daɗe, a mayar wa layin nan ko da sakan goma ne."

Oga ya juyo masa da kwamfuta. "Kai ka tsara wannan. Gida nawa ne a layin?"

"Sha tara."

"Babban titi fa, mutum nawa ke binsa kullum?"

Injiniya ya koma teburinsa. Mako guda ya yi yana gwadawa a kwamfutarsa. Duk sakan da ya mayar wa layin, sai cunkoson ya koma ƙofar wata makarantar firamare.

Ya roƙi Mama ta dawo gidansa, ta ce, "A ɗakin nan na haife ka. Sai mota ce za ta kore ni?"

Ya sayo mata fanka da maganin shaƙa, bai kuma iya faɗa mata cewa shi ne ya taɓa danjar ba. Da zai tafi, layin motoci ya tsayar da shi daidai ƙarƙashin tagarta. Ya kashe injin. Direban da ke bayansa ya danna masa hon, dole ya sake tayarwa.